Shin Kalmar "Alheri" Tana Nufin Kyau a Asalinta?

Tambaya: Malam, a wani wa'azi na ji fasto ya ce kalmar Helenanci da aka fassara mana da "alheri" a Littafi Mai Tsarki, asalinta tana nufin kyau. Shin haka ne, kuma yaya kyau ya koma alheri? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, faston naki bai yi kuskure ba. Kalmar ita ce *karis*, kuma tushenta ɗaya da *kara*, wato farin ciki. Tsoffin Helenawa suna amfani da ita ga duk abin da ke faranta ran mai gani ko mai saurare, kamar kyan fuska, ko daɗin magana, ko abin da muke kira farin jini. Wannan ma'anar ce ta bayyana a Luka 4:22, inda mutanen Nazarat suka yi mamakin daɗin kalmomin da ke fitowa daga bakin Yesu.

Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, domin wanda ya faranta maka rai shi ne yake samun tagomashi a wurinka. Da ita Yahudawan da suka fassara Attaura zuwa Helenanci suka bayyana tagomashin da Nuhu ya samu a Farawa 6:8. Har kyautar da aka bayar da godiyar wanda ya karɓa, duk da wannan kalma ake kiransu, shi ya sa manzo Bulus ya kira gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima *karis*, ya kuma yi wa Allah godiya da ita.

Sai dai ina ganin ya kamata a yi hattara. Kalmar ta zo sau 150 da wani abu a Sabon Alkawari, akasarinsu a wasiƙun Bulus, kuma a wurinsa nauyinta ya koma kan Mai bayarwa. A Romawa 4:4 ya raba ta da ladan ma'aikaci, wanda hakkinsa ne, a Afisawa 2:8 kuma ya ce ceto baiwa ce daga Allah. Saboda haka wanda ya karanta waɗannan ayoyi da tunanin cewa wani kyau ne Allah ya gani a jikinmu, ya juya maganar Bulus. Idan kyan gani ake nufi, Luka yana da wata kalma, *horayos*, wadda da ita ya kira Kyakkyawar Ƙofar Haikali a Ayyukan Manzanni 3:2.