Kada ka birkice ta, saɓa take yi

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce tarantularka, wato ƙaton gizo-gizon nan mai gashi da kake kiwo, mai jan gwiwa ta Meksiko, ta yi sati biyar ba ta karɓi abinci ba, sanƙon da ke bayanta ya yi baƙi, yau da safe kuma ka tarar da ita a rigingine, ƙafafu sama, ba motsi, kana tambaya ko ka birkice ta ko ka fesa mata ruwa. Don girman Allah kada ka yi ko ɗaya. Ka janye hannunka. Abu guda kawai za ka yi yanzu, tun kafin ka ƙarasa karanta wannan dogon surutun nawa: ka leƙa akwatin, in akwai gyare ko kyankyaso mai rai a ciki ka zare shi da dogon hantsaki, a hankali, ba tare da ka jijjiga akwatin ba. Je ka yi, ka dawo, ina nan.

Ni na yi duka biyun da kake tambaya, na ƙara da na uku, shi ya sa ka ji ina magana da zafi haka.

A 2019 ne, ina karatu a Lesta ta Ingila, a wani ɗan ɗaki a saman bene. Ita ce tarantulata ta farko, 'yar Chile ɗin nan mai ruwan hoda a ƙoƙon kai, wadda kusan kowa da ita yake farawa. Na sa mata suna Ƙoƙi, tunda matar Gizo ce a tatsuniya, ko da yake na san Ƙoƙin gaske ba gizo-gizo ba ce. Da ta yi wata biyu ba ta ci komai ba sai hankalina ya tashi, na koma shagon da na saye ta. Mutumin nan, har yau in na rufe ido ina ganin fuskarsa, ko tambayata bai yi ba yadda bayanta yake, ko tana yawan saƙa, ko ta rage tafiya. Ya ce yunwa ce ba ta kama ta ba, in zuba mata gyare biyu ko uku in bar su a ciki, ranar da ta ga dama za ta ci. Ya sayar mini da kwalin gyare, da kwalbar feshi, da soso wai in sa a kwanon ruwa kada ta nutse, da shimfiɗar ɗumi ta lantarki wai in sa a ƙarƙashin akwati. Duk abin da ya ɗora mini a kan teburin nan babu mai amfani ko ɗaya. Soso datti kawai yake tarawa, tarantula kuwa da bakinta take shan ruwa a kwano, ba ta nutsewa. Shimfiɗar ɗumi a ƙasa kuma cuta ce, domin dabbar da ta ji zafi ƙasa take tonawa ta gudu, kai kuma ka kai mata wutar can inda take gudu. Na biya, har da godiya.

Wata asuba a watan Janairu na dawo daga aikin dare, na kunna fitila, na gan ta kamar yadda ka ga taka. Ta shimfiɗa farar yana kamar tabarma ta kwanta a kai, ƙafafu sama. Da na san abin da tabarmar nan take nufi, da na kashe fitila na kwanta abina. Sai na ɗauko cokali, na sa bayansa na birkice ta. Ta tsaya cik, jikinta na ɗan rawa. Bayan kamar awa ɗaya ta sake kifewa rigingine da kanta. Ka ji fa, dabba tana gaya mini abin da take so da iyakar harshen da Allah Ya ba ta, ni kuma na ce ai ciwon ne ya tsananta. Na ɗauko kwalbar feshi na jiƙa ta sharkaf. Ƙarfe 9 da aka buɗe shago na buga masa waya, muryata na rawa. Ya ce wataƙila tsufa ne, mutuwa take yi, in na shigo zai yi mini ragi a kan wata. Ragi! Dabba na kwance da ranta, shi lissafin ciniki na gaba yake yi. Ko da wasa kalmar saɓa ba ta fito daga bakinsa ba, mutumin da sana'arsa ke nan, da su yake ci yake sha.

Na tafi aji domin muna da gwaji a ranar. Gyaren nan biyu kuwa suna ciki, sun ɓuya a bayan ɓawon itace, na ma manta da su.

Da na dawo da yamma, marfin ƙoƙon kanta ya ɓalle, ƙafafu huɗu sun fito, sababbi fil, masu sheƙi, taushi kamar dafaffiyar taliya. Sauran huɗun sun maƙale a tsohuwar fatar. Gyaren nan biyu suna kan tulun cikinta suna gaigaya. Jininsu ba ja ba ne, ka sani, wani ruwa ne garai-garai mai ɗan shuɗi-shuɗi, shi ne yake tsattsafowa yana jiƙa tabarmar da ta saƙa wa kanta. Na cire gyaren da yatsuna na murƙushe su, abin da ya kamata in yi tun sati biyu baya. Na zauna a ƙasa dirshan da rigar sanyina a jiki. Ba ta iya gudu, ba ta iya cizo, fiƙoƙinta farare ne sumul ba su da ƙarfin huda komai, ƙwaron da ya kamata ya zama abincinta shi ne ya ci ta da ranta, kuma ni na zuba mata shi. Na barbaɗa garin sitacin masara a kan raunin kamar yadda na gani ana yi, jinin ya ɗan tsaya, amma ramin ya yi girma. Ta kai har wajen kiran sallar asuba a wayata tana ɗan motsa ƙafa ɗaya. Daga nan shiru.

Wanda muke haya tare ya leƙo ya ce, haba malam, gizo-gizo ne fa. Ban amsa masa ba. Ku da ke nan kun san ba a iya yi wa wanda bai taɓa kiwo ba bayani.

Na nannaɗe ta da rabin fatar a takarda na kai wa mai shagon, ba don kuɗi ba, ina so ne kawai ya kalla ya ce ya yi kuskure. Ya ɗaga kafaɗa ya ce haka suke yi wani lokaci. Ya juya yana yi wa wata mata da ɗanta bayanin kunkuru. Na daɗe a tsaye a wurin, har na ji kamar in ce wa matar ta riƙe kuɗinta. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, shi dai ina kan ƙoƙari. Laifina na ɗauka, ni na riƙe cokalin, amma wanda bai sani ba ya je ya tambayi wanda ya kamata ya sani, me ya rage masa kuma?

To, taka. Tarantula ba ta mutuwa a rigingine, in ba wani tsautsayi ba. Mai mutuwa a kife take, ƙafafu sun naɗe sun shige ƙarƙashin jiki kamar an dunƙule hannu. Dalili kuwa, da matsin jini suke miƙe ƙafa, in ruwan jiki ya ƙare sai ƙafafun su lanƙwashe ciki. Da wannan matsin jinin ne kuma take tura kanta waje daga tsohuwar fata, shi ya sa wadda ta sha ruwa ta ƙoshi kafin saɓa ta fi fita lafiya. Ruwan da ke cikinta shi ne magana, wanda za ka fesa a kanta yanzu ba abin da zai ƙara mata sai firgita. Huhunta ma a ƙarƙashin ciki suke, guda huɗu, yanzu da take rigingine sama suke kallo, ka ga in ka fesa kai tsaye a kansu zai sauka. Na yi wa Ƙoƙi haka, in na tuna sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya.

Na san kana Kaduna kuma hunturu ake, za ka ce iska ta bushe. Bushewar ba baƙuwa ba ce gare ta, asalinta daga dazukan yammacin Meksiko ne, wajen Kolima da Halisko, inda rani yake da tsawo. In kwanon ruwanta yana nesa da ita kuma za ka iya cika shi ba tare da ka motsa komai ba, cika shi, ka bar kaɗan ya malala a wannan kusurwar. In yana kusa da ita bar shi sai ta gama. Abin da ya fi ba ni tsoro a gida ba hunturu ba ne, maganin sauro ne. Na feshi, na ƙonawa, fiya-fiya, kada ko ɗaya ya shiga ɗakin nan, yau ko wata rana. Turaren wuta ma a roƙi uwargida ta yi haƙuri da wannan ɗakin. Kuma kada ka taɓa kama kyankyason kicin ko na bayan gida ka ba ta, ba ka san abin da ya taka ba.

Za ta iya yin awanni a kwance ba ta fara komai ba. Babba takan ɗauki rabin yini, wata ma ta wuce haka, ƙanana kuwa kafin ka sha shayi ka dawo sun gama. Za ka ga kamar ta tsaya, sai ta ɗan buga ƙafafu, sai ta sake yin shiru. Hutawa take yi. Ba fatar waje kaɗai take tuɓewa ba, har da shimfiɗar maƙogwaro da ta tumbin tsotso da ta huhu, duk a lokaci ɗaya, aiki ne na rai da rai. Ladi, wadda nake da ita yanzu, irin taka ce, ta yi saɓa huɗu a hannuna, kowane karo sai na kasa barci, amma hannuna a aljihu yake. Na ƙarshen ma fita na yi daga gidan gaba ɗaya don kada shaiɗan ya raya mini wani abu.

In ƙafa ɗaya ta maƙale kada ka ruɗe ka ja. Sau da yawa ita da kanta za ta yar da ƙafar, a saɓa ta gaba wata siririya ta fito, bayan saɓa biyu ko uku ba za ka gane wacce ce ba. Sai in ta yi awanni masu yawa da rabin jiki a waje, ba ci gaba ko kaɗan, sannan ake maganar ɗan burushi mai laushi da ɗigon ruwa a daidai inda ya maƙale, shi ma ka turo hoto tukuna mu gani tare. Ni dai ban yarda wanda yake cikin firgici ya kusanci akwatin da wani abu a hannu ba, na san abin da firgici ya sa ni.

In ta gama za ta ci gaba da kwanciya tana naɗe ƙafa tana miƙewa, daga baya ta kife, ta baje a ƙasa shame-shame kamar an taka ta. Nan ma wasu suke sake ruɗewa. Miƙa ce kawai, sabuwar fatar take buɗawa kafin ta bushe. Ruwa za ka ba ta, abinci kuwa a'a, komai ramar da ka gani a tulun cikinta. Ka dinga duba fiƙoƙin ta jikin gilashi: farare ne da farko, su koma ja-ja, sannan baƙi ƙirin. Babba kamar taka ka ba ta kwana 10 zuwa 14. In ta ciji abu da fiƙa mai taushi ta karye, sai wata saɓar kafin ta samu sabuwa, babba kuwa shekara guda take yi ko fiye kafin ta sake. Ranar da za ka ba ta, guda ɗaya, kana tsaye, in ba ta ɗauka ba ka cire. Ni tun 2019 gyare bai sake kwana a akwatina ba.

Tsohuwar fatar kada ka yi saurin ɗaukewa, wani lokaci tana tsotsar danshin da ke jiki. In ta rabu da ita ka ɗauko da hantsaki, kada ka kai kusa da fuska, gashin bayanta mai sa ƙaiƙayi yana nan a jiki, na taɓa murza ido bayan na taɓa ta Ladi, kwana uku ina hawaye. Ka jiƙa fatar da ruwa da ɗigon sabulu, ka buɗe ɓangaren ciki, ka duba tsakanin fararen tabo biyu na gaba, wato gurbin huhu. In akwai ɗan leɓe a wurin mace ce, kuna tare shekara 20 ko fiye in Allah Ya yarda. Kana ta cewa “ita”, ni ma na biye maka, amma ka taɓa tabbatarwa? In ta fito da 'yan ƙugiyoyi a ƙafafun gaba da dunƙule a kan gajerun hannayen nan na gefen baki, to namiji ne ya balaga, saɓarsa ta ƙarshe ke nan, sai ka fara shirin rabuwa. Wannan maganar wata rana ce.

Yanzu dai ka rage hasken ɗakin, ka hana yara shiga, kada a kunna rediyo ko a ja kujera kusa da teburin. In za ka ɗauki hoto, daga wajen gilashi, ba walƙiyar kyamara. Ka gaya mini ko akwai farar tabarma a ƙarƙashinta, da kuma ƙarfe nawa ka fara ganin ta a haka. Yau ba ni da aiki, wayata na hannuna har dare.