Yarinya ta zo sau ɗaya, ba ta sake dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. An ɗora mini aikin ba ɗalibai shawara, ba tare da wani horo ba. Yarinya za ta zo da damuwarta, in yi mata nasiha iyakar iyawata, amma ba ta sake dawowa. Ina nake kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ina kyautata zaton nasihar ce ke riga sauraro fitowa. Yarinya ta ce, "Malama, ba na son tafiya gida hutu," ke kuma kika ce, "Ki yi haƙuri, kowane gida da irin nasa." Sai ta ce "to" ta tashi. Ba ki ji ko kishiyar uwa ce ba, ko aure ake ƙulla mata, ko wani ne a gidan yake taɓa ta. Likitoci ma haka suke: wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya gano cewa, a matsakaici, daƙiƙa 18 kacal suke ba marar lafiya kafin su katse shi.

Ki gwada maida mata da abin da kika ji: "Wato tunanin gida ne ke tayar miki da hankali." Daga nan ki yi shiru. Shirun nan zai yi miki nauyi, bakinki zai yi ta ƙaiƙayi, amma ki daure, don galibi bayansa ne ainihin maganar ke fitowa. In za ki yi tambaya, ki guji "me ya sa", yaro na jinta kamar tuhuma. "Yaya gidan yake idan kin koma?" ta fi buɗe baki.

Masanin halayyar ɗan'adam Carl Rogers ya faɗa tun 1957 cewa sai mai taimako ya kalli lamarin da idon mai shi, ya karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba, kuma kada ya yi fuska biyu. Sai dai littattafan Turawa kan ce a haɗa ido, a nan kuwa yarinyar da ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi ladabi take yi, ba ɓoye-ɓoye ba. Ki taso daga bayan tebur ki zauna a gefenta.

Tun farko ki gaya mata iyakar sirri: maganarku amana ce, sai fa in rayuwarta ko ta wani na cikin haɗari. In kika ji irin su "gara in mutu in huta", ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ta amsa eh, kada ki bar ta ita kaɗai. A nemi babban da ta yarda da shi, a kai ta asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, a ranar.