Amsa ga mai tambaya kan Vulcan 750 ɗin da ke kashe batir

Malam, sannu da haƙuri. Da na ga ka rubuta cewa Vulcan 750 ɗinka ya cinye batir biyu, fitilar gaba ta daina kamawa, kuma bakanike ya ce ka sayo na uku, raina sai da ya ɓaci, domin ciwon nan na san shi. Kada ka sayi batir. Kada kuma ka yi saurin sayar da babur ɗin a wulaƙance kamar yadda kake tunani. Kusan tabbas kwayil ɗin caji, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji, shi ne ya ƙone, batir ba shi da laifi.

Fitilar nan da ka ambata ita ce ta tona asiri. A wannan babur, fitilar gaba ba ta kamawa da zarar ka murɗa makulli, sai inji ya tashi, saboda ɗaya daga cikin wayoyin kwayil ce ke ba rile ɗin fitilar, wato makunninta mai aiki da wuta, umarni. In kwayil ya mutu, sau da yawa fitila ma sai ta yi shiru. Ka samo mita ka auna da kanka. Babur a kashe, batir mai lafiya ya nuna wajen volt 12.6. Ka tayar, ka ja totur zuwa 4,000 a agogon inji: ya kamata ka ga kusan 14. In ya tsaya a 12 da ɗoriya ko yana ta sauka, babu caji. Sai ka bi wayoyi uku rawaya da suka fito daga gefen hagu na inji, ka zare su. Inji a kashe, ka juya mita zuwa ma'aunin om, ka auna tsakanin kowace biyu, dole duka ukun su ba ka lamba ɗaya, ƙasa da om 1. Sannan ka juya mita zuwa inda take ƙara in wayoyi sun haɗu, ka ɗora kai ɗaya na mita a jikin inji, ɗaya a kan kowace waya. In mita ta yi ƙara, kwayil ya haɗe da bodi, magana ta ƙare. In ba ta yi ba, ka tayar da inji ka juya mita zuwa AC, kowace biyu su haura volt 50 a 4,000, kuma su yi kusa da juna.

Kafin ka yanke hukunci ka duba mahaɗan wayoyin nan uku. Sukan yi tsatsa, su yi zafi, robar ta narke ta yi baƙi. Wani lokaci nan kaɗai ne ciwon. A yanke su, a haɗa wayoyin kai tsaye da dalma, a rufe da kyau.

To in kwayil ɗin ne, a nan aibin ƙirar babur ɗin yake. Kawasaki sun yi Vulcan 750 daga 1985 har 2006 kusan ba tare da sun canza komai ba, kuma duk tsawon shekarun nan murfin kwayil yana bayan ƙarfen firam na hagu. Ba ya fita sai an kwance inji, an sauke shi ko an karkata shi gefe. Aikin da a wani babur awa ɗaya ne, a nan wuni guda ne ko fiye. Ga shi kuma rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar kwayil kafin ta shiga batir, tana ƙarƙashin akwatin batir, daidai saman tukunyar salansa da ke tsakiya, wurin da ya fi ko'ina zafi. Ta gasu, ta lalace, ta ja kwayil su tafi tare. Balle a ranar Afrilu irin tamu, a cikin cunkoso.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba ƙirar ba ce, masu gyara ne. Wanda ya taɓa nawa ya sauke inji, ya kai kwayil aka yi masa naɗin hannu da waya siririya, ya mayar da tsohon gasket ya shafe shi da gam har ya tsiyayo ciki, rektifayar da ta kashe kwayil ɗin farko kuwa ko kallonta bai yi ba. Ya karɓi kuɗin sabon kaya. Ba a daɗe ba caji ya sake ɗaukewa, da aka buɗe sai ga guntayen gam a rariyar mai. Kuma har yau in mun haɗu sai ya ce ai irin waɗannan manyan baburan haka suke. Mutum ya ɓata maka inji, ya ɗora wa injin laifi! Allah ya isa dai. Don haka ka tsaya a kansu, kada ka bar babur ka tafi. Ka ga sabon kwayil da idonka kafin a rufe.

Tunda inji zai sauka, a yi komai lokaci guda. A bayan murfin nan akwai wasu ƙananan robobi na balansa, masu rage girgiza. In sun tsufa sukan farfashe, balansa ta fara gugar jikin inji, ka riƙa ganin garin alminiyam a mai. Ba su da tsada, amma ba a kai gare su sai inji na ƙasa, saboda haka a canza su ko da sun yi kama da masu lafiya. A sa sabon gasket. A ɗauke rektifaya daga wurinta a ɗaura ta inda iska ke bugunta, da yawa suna kai ta kusa da matakin fasinja na hagu. In za ka iya, ka sayi ta Shindengen SH775, wadda ke katse wuta maimakon ta mayar wa kwayil, sai dai jabunta sun cika kasuwa. Akwai masu yanka murfin su yi masa faranti don gaba a ciro kwayil ba tare da sauke inji ba. Dabara ce mai kyau a hannun gwani, amma ni ba zan ba wanda ba shi da natsuwa ya yanka alminiyam a bakin inji ba, garin zai shiga mai.

Ba ka tambaya ba, amma wallahi wannan ya fi kwayil tsada in ka bari. Babur ɗin ba shi da sarƙa, furofela ce, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ke juya tayar baya. A inda furofela ta shiga akwatin giyar baya akwai haƙora masu shiga cikin juna, kuma an samu da yawa a bushe ƙamas, babu giris. Sukan cinye, wata rana ka sa giya inji na ihu babur na tsaye. Ka cire tayar baya, ka kwance noti huɗu da suka riƙe akwatin, ka zaro shi, ka kula da sifirin ɗin da ke ciki kada ya ɓata. In ka ga jan gari kamar tsatsa, an fara ci. A wanke, a shafa man moli mai kauri, wato giris mai sinadarin molybdenum, wanda moli ɗinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari. Giris na gari ba ya zama a wurin. Man akwatin kansa 80W-90 ne, mililita 150 kawai.

Ƙarar kas-kas da ka ce kana ji a saman inji, kada wani ya ce maka setin bawul ne. Bawul ɗin wannan inji da matsin mai suke seta kansu, babu abin da za a seta. Yawanci abin da ke ɗaure taimin cen ne sifirin ɗinsa ya saki, guda biyu ne, kowace silinda da nata. A canza su, ko a sa na hannu mai noti. In kuma wata rana ya mutu a hanya kamar mai ya ƙare alhali tanki da rabi, buɗe murfin tanki ka ji ko zai ja iska. Hanyar numfashin tankin ce ta toshe. Kuma don Allah kada ka bi masu cire akwatin iska su sa ƙananan filta a bakin kafireto. Da ƙurar hunturu, injin ba zai yafe maka ba.

Duk da wannan, me ya sa na ce kada ka sayar? Inji ne mai sanyaya da ruwa, bawul huɗu da fulogi biyu a kowace silinda, doki wajen 66, ga faifan birki biyu a gaba, ga jaki na tsakiya, ga agogon mai da na zafi, abubuwan da baburan ajinsa da yawa ba su da su. Tankin ne ƙarami, lita 13.5, kuma ana jin rashin giya ta shida a doguwar hanya. Baƙin mai kusan lita 4 yake sha in an canza filta, 10W-40 na babur, ba na mota ba, don kuloci a cikin mai yake.

Ka auna wayoyin nan uku, ka turo mana lambobin da hoton mahaɗan kafin kowa ya ɗora sifana a kan injin.