Yaƙin Habasha da Eritiriya: laifin wa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar tarihi ce a wata sakandare a Zariya. Wani ɗalibina ya tambaye ni wa ya jawo yaƙin Habasha da Eritiriya na 1998, tunda an ce shugabannin ƙasashen biyu tare suka yi gwagwarmaya a daji. Na ce masa kowa da laifinsa, sai ya ce wannan amsar masu sulhu ce. Don Allah a warware mana.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ki riƙe yaron nan da kyau, don yana da gaskiya. Mun saba cewa idan ɓera da sata daddawa ma da wari, mu kashe magana. Amma a wannan yaƙin an yi shari'a, an yanke hukunci har sau biyu, kuma kowane hukunci ya kama ɓangare guda.

Abotar da ake faɗa gaskiya ce. Ƙungiyar 'yan tawayen Eritiriya, wato EPLF ta Isaias Afwerki, da ta 'yan tawayen yankin Tigray na arewacin Habasha, wato TPLF ta Meles Zenawi, su suka haɗa ƙarfi suka kifar da gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam a watan Mayun 1991. Isaias ya shiga Asmara, Meles ya kama Addis Ababa. Da Eritiriya ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1993 ta ɓalle, gwamnatin Meles ce kan gaba wajen amincewa, duk da cewa ɓallewar ta raba Habasha da teku, ta tafi da tashoshin jiragen ruwa na Assab da Massawa. Sai dai abota ce mai tabo. A 1985, ana tsakiyar yunwa, ƙungiyoyin sun ɓata, har EPLF ta toshe wa 'yan Tigray hanyar da suke bi zuwa Sudan. Sai 1988 suka shirya. Mutanen Tigray ba su manta ba.

Bayan rabuwa kuma ba wanda ya zauna ya shata iyaka. Abin da ke ƙasa shi ne tsofaffin yarjejeniyoyin da Italiya ta ƙulla da Sarki Menelik a 1900 da 1902 da 1908, sai kuma yarda da juna tsakanin mutum biyu. Ni a wurina wannan sakacin na su biyun ne, kuma shi kaɗai ne laifin da zan raba musu daidai wa daida. A Nuwamban 1997 Eritiriya ta bar kuɗin Habasha, wato bir, ta buga nata mai suna nakfa. Habasha ta ce to daga yanzu manyan cinikayya sai da dala. Kasuwancin kan iyaka ya tsaya cak, iyakar da da ba a damu da ita ba ta zama abin aunawa.

Ranar 6 ga Mayun 1998 aka yi arangama kusa da wani ƙaramin gari mai suna Badme, wanda a lokacin Habasha ke mulki, aka kashe wasu sojojin Eritiriya. Ranar 12 ga wata Eritiriya ta turo runduna da tankoki da manyan bindigogi ta kame garin. Wannan ranar ce ya kamata ɗalibinki ya rubuta. Hukumar diyya da ƙasashen biyu suka amince da ita, mai zama a birnin Hague, ta yanke a Disamban 2005 cewa Eritiriya ta karya dokar Majalisar Ɗinkin Duniya da wannan hari. Eritiriya ta ce kare kai ta yi. Hukumar ta ce 'yar arangama tsakanin ƙananan dakaru a bakin iyaka ba ta kai a fito da tankoki ba, kuma ko da ƙasar taka ce, ba a karɓo ta da bindiga daga hannun wanda ke riƙe da ita lami lafiya. Amurka da Ruwanda sun kawo shawarar kowa ya koma inda yake kafin 6 ga Mayu. Meles ya yarda, Isaias ya ƙi. Bai amince da tsarin sulhun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ba sai ƙarshen Fabrairun 1999, bayan Habasha ta ƙwace Badme da ƙarfi. Don haka in ana maganar wanda ya kunna wutar, ba na kwana-kwana: gwamnatin Isaias ce.

To amma hukumar nan ta ƙi ɗora wa Eritiriya duk ɓarnar yaƙin, kuma tana da hujja. Habasha ta kori dubun dubatar mutane masu asalin Eritiriya, wasunsu a Addis Ababa aka haife su, aka raba su da shagunansu da gidajensu. Eritiriya ma ta tsare 'yan Habasha ta wulaƙanta su, jirginta kuma ya jefa bam kan wata makaranta a Mekelle, babban birnin Tigray, a watan Yunin 1998, ya kashe har da yara. A Mayun 2000 Habasha ta kutsa can cikin Eritiriya, ta kama Barentu, ta tarwatsa dubban ɗaruruwan mutane daga garuruwansu. Wanda ya karanta yadda aka riƙa tura samari cikin ramukan yaƙi da filayen nakiya zai gane dalilin da ya sa ƙiyasin mamata ya kai tsakanin 70,000 da 100,000. Da aka zo lissafin diyya a 2009, an ba Habasha kusan dala miliyan 174, Eritiriya kusan miliyan 161. Ki duba yadda tazarar ta yi kaɗan.

Ɗaya hukuncin shi ya kama Habasha. A yarjejeniyar da suka sa wa hannu a Aljeriya ranar 12 ga Disamban 2000, kowa ya ɗauki alkawarin karɓar abin da hukumar shata iyaka za ta yanke, babu ɗaukaka ƙara. A Afrilun 2002 ta yanke, Badme ya faɗa cikin Eritiriya. Meles ya ce sai an sake tattaunawa, sojojinsa suka ci gaba da zama. A shekarar ce fa kotun duniya ta ba Kamaru Bakassi. Mun ji zafi, an yi ta surutu a majalisa da jaridu, amma Obasanjo ya sa hannu da Paul Biya a 2006, aka kammala miƙawa a 2008. Habasha ta yi shekara 16 tana riƙe da abin da ta yi alkawarin saki, har Meles ya rasu a 2012 bai saki ba. Isaias kuwa ya samu abin fakewa: kundin tsarin mulkin 1997 bai taɓa aiki ba, ba a taɓa zaɓen shugaban ƙasa ba, aikin soja na dole ya zama ba ranar gamawa. Yawancin samarin Eritiriya da ke bi ta Sudan da Libiya suna neman Turai wannan suke gudu, kuma ba na wanke Addis Ababa daga alhakinsu gaba ɗaya.

Sai a 2018 sabon firaministan Habasha, Abiy Ahmed, ya ce ya karɓi hukuncin, ya je Asmara a watan Yuli, aka ba shi lambar Nobel a 2019. Shekara guda bayan nan sojojin Isaias suka shiga Tigray suna taya Abiy yaƙar TPLF, abokan gwagwarmayar jiya.

Akwai abin da zan so ki gaya wa yaron, Malama, don shi ne ya fi ba ni haushi a duk labarin. Sashe na 3 na yarjejeniyar Aljeriya ya tanadi a kafa wani kwamiti mai zaman kansa da zai binciki asalin rikicin, har da abin da ya faru a kan iyaka a 1997 da kuma ranar 6 ga Mayun 1998. Shi ne zai bi diddigin wanda ya fara matsa iyaka da wanda ya fara harbi. An kafa hukumar iyaka, an kafa ta diyya, amma wannan kwamitin ba a taɓa kafa shi ba.