Sequoia ko Land Cruiser?

Tambaya: Mu takwas ne a gida, muna yawan tafiya Kano zuwa ƙauye. Tsakanin Toyota Sequoia 2012 da Land Cruiser 200, wacce zan saya?

Amsa: Malam, in yawan mutane ne damuwarka, ɗauki Sequoia. Tsawonta ya kai mita 5.2, Land Cruiser kuwa ba ta cika mita 5 ba, kuma kujerun can bayanta na yara ne; babba zai zauna gwiwa a ƙirji. Amma a hanyar rami da laka, Land Cruiser ce gaba, domin ƙafar bayanta ƙarfe ɗaya ne ɗungurungum mai jure duka.

Injin Sequoia V8 mai lita 5.7 sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, ba bel ba, ya rage maka hidima. Sai dai famfon ruwansa kan yi yoyo. Ka duba gaban injin, in ka ga busasshen tabo ruwan hoda, a canza famfon kafin inji ya yi zafi. Mai kuwa, yana zuƙarsa.

Ka sa bakanike ya leƙa ƙarƙashin Sequoia ɗin, domin in daga Amurka ta zo, gishirin da ake zubawa a titunan can lokacin ƙanƙara na cinye firam da tsatsa. Kuma ka tabbatar ƙafa huɗu take ja, da yawansu biyu ne kawai.