Ban taɓa riƙe sandar golf ba, ga shi an gayyace ni tsibirin Moris

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Maradi, na ba hamsin baya. Wani abokin cinikina ya gayyace ni hutun mako guda a tsibirin Moris da ke tekun Indiya cikin watan Janairu. Ya ce otal ɗin na da filin golf, kowace safiya za mu riƙa fita bugawa. Ni kuwa a talabijin kaɗai nake ganin wasan. Shin mako guda zai ishe ni in koya? Sai na sayi kaya kafin in tashi? Ba na son in sha kunya a gaban mutane. Daga wani Alhaji, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, ranka shi daɗe. Gaskiya ɗaya ce, mako guda ba zai mayar da kai gwani ba. Amma zai isa ka shiga fili ka fito da mutuncinka, muddin ba ka bari an ja ka zuwa cikakken wasa tun safiyar farko ba.

Cikakken wasa ramuka 18 ne. Kowane rami akwai adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa, uku ko huɗu ko biyar, jimilla 72 a yawancin filaye. Faɗin ramin milimita 108 ne kacal, alhali daga inda ake bugun farko zuwa gare shi ana iya samun mita 400. Masu iyawa na cinye sa'o'i huɗu ko fiye kafin su zagaye, a ƙafa kuma tafiyar na haura kilomita 6. Sabon shiga sai ya ninka bugun, wani lokaci ya kai sanda ta wuce iska ba ta taɓa ƙwallon ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kowa ta nan ya biyo. Abin da ke ɓata wa ƴan golf rai shi ne jinkiri, domin rukuni-rukuni ake sakin mutane, mintoci kaɗan tsakani, wanda ya tsaya ya tsayar da duk na bayansa. Shiga ramuka 18 ba tare da darasi ba daidai yake da mutum ya fara koyon tuƙin kabu-kabu a tsakiyar babbar kasuwar Maradi.

Saboda haka ka ba kwana biyu na farko ga mai koyarwa. Manyan filayen Moris suna da malamai da wurin atisaye inda ake ba ka kwandon ƙwallaye ka yi ta bugawa babu mai jiran ka. Abu uku zai fi matsa maka: yadda ake kama sanda, yadda ake tsayuwa, da barin ido a kan ƙwallo har sai ta tashi. Ƙarfin damtse ba ya aiki a nan, sau da yawa ma mai ƙarfi ne ke shan wahala, don yana so ya doke ta da zuciya. Ka roƙi malamin ya ba da rabin lokacin ga gajeren bugu, wato gangarar da ƙwallo a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Nan ne mai shekaru hamsin ke iya kamo saurayi cikin ƴan kwanaki, tunda natsuwa ake so. Ka lura kuma ciyawar ƙasashen zafi tana kwantawa gefe guda, ƙwallo na gudu idan ta bi kwanciyar, tana nauyi idan ta saɓa mata. Rana ta uku sai ka gwada ramuka 9.

Ka tambayi otal ɗin tun yanzu ko suna neman takardar handikaf, wato shaidar matsayin ɗan wasa. A tsarin duniya da aka fara aiki da shi a 2020, lamba mafi girma ita ce 54, kuma wasu filaye ba sa barin wanda ba shi da takardar ya shiga sai tare da malami.

Batun kaya, kada ka sayi sanduna. Doka ta yarda da 14 a jaka, kai biyar ko shida sun ishe ka, kuma ana ba da haya a can. In bahago ne kai, ka faɗa da wuri a ajiye maka. Abin da za ka tanada shi ne riga mai kwala, dogon wando mara nauyi, hular hana sallah, takalmin wasanni mai kama ƙasa, da safar hannu biyu, ɗaya ta canji. Kaftani da babbar riga sai a ajiye su don cin abincin dare. Ƙwallaye kuwa ka nemi masu araha, ko waɗanda aka tsamo daga ruwa ake sake sayarwa, domin filin tsibiri cin ƙwallo yake yi: ga tafkuna, ga duwatsun aman wuta, ga itatuwan bakin teku. In ta ɓace minti 3 kawai doka ta ba ka ka nema, tun gyaran da aka yi a 2019, kafin nan 5 ne.

Janairun nan ne ma ya fi damu na. Moris tana kudu da tsakiyar duniya, lokutanta a juye suke da namu. Sa'ad da hunturu ke busar da leɓe a Maradi, su can suna tsakiyar zafi da ruwan sama, kuma daga Janairu zuwa Maris ne guguwar tekun Indiya ta fi yawan zuwa. Idan aka yi gargaɗinta ana iya rufe fili. Kada ka ce ai mutumin Maradi ya saba da zafin Afrilu. Namu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Nasu da laima yake tafe, riga ta jiƙe ta manne, sanda ta riƙa sulɓewa a hannu, dalilin safar hannu ta biyu ke nan. Ka sha ruwa a kowane rami, ka karɓi ƴar motar lantarkin da ake hawa a fili ko da za a biya ta daban. In aka busa jiniyar tsawa, ka ajiye sanda ka nemi rumfa, ba gindin itace ba. Da a hannunka zaɓin yake, da na ce Satumba zuwa Nuwamba. Watannin Yuni zuwa Agusta sun fi sanyi, sai dai iskar kudu maso gabas na kaɗawa sosai a gaɓar gabas, inda filaye da dama suke.

Tsibirin kansa tsohon hannu ne a wasan. Sojojin Ingila sun fara bugawa a Vacoas tun 1844, a inda kulob ɗin Gymkhana yake a yau. Akwai filin Anahita wanda gwanin golf Ernie Els ɗan Afirka ta Kudu ya tsara, da na Île aux Cerfs da wani gwanin, Bajamushe Bernhard Langer, ya tsara, wanda sai a jirgin ruwa ake isa gare shi. Na Île aux Cerfs ɗin ya yi kyau a ido ƙwarai, amma ba na ɗan koyo ba ne. In abokinka ya nace, ka raka shi a ƴar motar fili ka yi kallo, ka buga gajerun kusa da rami.

Faransanci zai kai ka ko'ina a can. Musulmi na da yawa, akwai babban masallacin Juma'a a Port Louis, babban birnin ƙasar, amma a otal sai ka tambaya game da nama. Ka nemi lokacin fita na sassafe, bayan asuba, yadda za ka gama kafin rana ta take da kuma azahar. Suna gaban Nijar da sa'o'i 3. Sefa ba ta da kasuwa a wurinsu, ka canza zuwa yuro tun daga gida, a can ka karɓi kuɗinsu, wato rufi. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance cikin fasfo. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: ƴan golf na son ɗora ɗan kuɗi a kan rami, wai don wasa ya yi armashi. Caca ce, kuma tun kafin bugun farko ake cewa a'a, ba a rami na biyar ba.

Ladubban fili kaɗan ne. Ba a magana ko motsi idan wani zai buga, ba a tsayawa a gabansa, ba a taka layin da ƙwallonsa za ta bi zuwa rami. In ka shiga ramin yashi ka share sawunka da manjagarar da aka ajiye. In ka ji an ƙwala ihu "Fo!", ka sunkuya ka kare kanka da hannu, ƙwallo ce ta kauce hanya. Idan bugunka ya ninka adadin da ake sa ran gwani zai yi a ramin, ka ɗauki ƙwallonka ka sa aljihu ku wuce gaba, babu mai ganin laifinka.

Ka kira abokin naka a wannan makon ka gaya masa ba ka taɓa bugawa ba, ya kama maka darasi biyu. Sannan ka ce ku buga a matsayin ƙungiya ɗaya: kowannenku ya buga, a zaɓi ƙwallon da ta fi kyawun wuri, ku duka ku sake bugawa daga nan. Tsari ne sananne, kowane fili ya san shi. Shi zai ɗauki nauyin dogayen bugu, kai kuma ka taimaka a kusa da rami. Allah ya kai ku lafiya.