Me Ke Sa Ƙura Ta Riga Ruwa Isowa?

Tambaya: Malam, me ya sa a Damagaram iska da jar ƙura kan riga ruwan sama isowa a farkon damina? Daga wata mai karatu a unguwar Zango.

Amsa: Malama, ruwan da ke zubowa a cikin hadarin da ya taso daga gabas yana sanyaya iska, iska mai sanyi kuwa ta fi nauyi, sai ta faɗo da ƙarfi ta bazu a gaban hadarin tana kwasar ƙasar da rani ya busar. Shi ya sa abin ya fi tsanani a watan Yuni, kafin ciyawa ta rufe ƙasa. Da zarar gabas ta yi ja, a shigar da yara ɗaki, a nisanci gindin itace da tsohuwar katangar laka, domin tsawa takan faɗi tun ruwa bai sauka ba.